Katangar Mai a Jikin Malam

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambayi duk wanda ya yi aikin gini a Abuja tun tana daji, zai gaya muku ya ci tuwon hannuna. Lebura da birkila da kafinta, har injiniyoyi masu hular kwano, duk a kan bencina suke haɗuwa a Karu. Abin da ya bambanta tuwona da na sauran mata ba wani asiri ba ne, man shanu ne. Fulani ke kawo mini shi a ƙwarya, in soya shi da albasa har ƙamshi ya tsallaka titi. Wanda ya ci yau, gobe da ƙafarsa zai dawo, ya kuma jawo abokinsa.

Mijina birkila ne. Malam nake ce masa, shi kuma tun da muka sauke farali yake ce mini Hajiya, in kuma tsokana ta motsa masa ya ce mai tuwo. Da yawa daga cikin dogayen gine-ginen nan da ma'aikata ke shiga da jaka a hannu, akwai bulon da ya ɗora a jikinsu. Siminti kuwa bai bar shi haka ba, ya cinye masa ƙafafu. Kaushi da faso har sai ka tausaya masa. Don haka tun ina da ƙuruciyata, kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a bakin gado ya miƙo ƙafa, ni kuma in zauna a kujerar tsuguno, in lakato man kaɗanya, in murza shi a tafin hannu har ya narke, in bi dugadugansa da shi, in bi tsakanin yatsu. Mu ba irin mutanen da ke faɗa wa juna daɗin baki ba ne. A wannan zaman muke duk maganarmu. Auren 'ya'ya, rikicin maƙwabta, wanda ya rasu a gida, duk a kan ƙafar Malam aka yanke su. Ya bar aiki, ni ma na sauke tukunya, amma shafa mai bai tsaya ba.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Da ya juyo zai yi mini magana na ga bakinsa ya ɗan karkace. Allah ya taimake mu maƙwabcinmu mai tasi bai fita ba. Aka kwantar da shi a asibiti, kuma cikin ikon Allah abin ya zo da sauƙi, baki ya koma daidai, hannu ya dawo sai ɗan nauyi. Da aka sallame shi, babban ɗanmu ya ce ba za mu koma Karu mu biyu ba, sai gidansa a Kubwa.

A nan sai na yi muku bayani, don yaran yanzu ba su san wannan ba. Wannan ɗa shi ne ɗan farina. A irin tarbiyyar da aka yi mini, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma ni na riƙe ta da kyau. Ya girma, ya yi boko har ƙasar waje, ya zama babba a wata ma'aikatar tarayya, ana ce masa oga, amma in ya shigo gaishe ni, bango nake kallo in amsa. Shi ma ya saba. In yana da saƙo gare ni, matarsa yake faɗa wa da ɗan ƙarfi yadda zan ji.

Haka ya yi ranar da muka tare. Ya tsaya a bakin ƙofar falo, ni ina zaune na ba shi gefe, ya ce wa matarsa, "Likita ya ce Baba yana da hawan jini, kuma kolestarol ɗinsa ya hau sosai. Kitse ne a cikin jini, shi ya so ya toshe hanyar da ke kai jini kai. Ga magani, kullum zai sha. A rage masa gishiri, a rage mai, musamman man shanu da kitsen nama."

Tambayoyi sun cika mini baki. Daga ina kitsen ya shiga? Yaya ake fitar da shi? Sai yaushe zai ƙare? Amma wa zan tambaya? Wanda ya ji daga bakin likita ba na iya ɗaga ido in dube shi. Matarsa kuwa, yarinya ce mai ladabi, ma'aikaciya ita ma, amma a ce ni da na ciyar da rabin Abuja in tsuguna ina tambayar suruka yadda ake dafa wa mijina abinci? Na haɗiye tambayoyina, na ce a raina ai na gane.

Abin da na gane shi ne, datti ya shiga jikin Malam, kuma datti wanke shi ake yi. Na san maiƙo. Na yi shekaru ina kankare shi daga gindin tukunya da toka da soso, kuma ban taɓa kife tukunya da sauran maiƙo a jikinta ba. To haka zan yi wa Malam, sai na ga bayan wannan kitse, ko ɗigo ba zai saura ba.

Washegari na karɓe girkinsa. Surukata ta ce, "Mama, ki huta mana, ga mai aiki nan." Na ce mata mai aiki ta yi wa masu gida, ni zan yi wa nawa. Na ware masa tukunyarsa, na ware masa ludayinsa, don kada su haɗu da na gidan. Miyar kuka ba mai, ba nama, ba gishiri sai abin da ba a rasa ba. Kabeji dafaffe. Wake dafaffe da ruwa zalla. Ƙwai na hana, kifi na hana don na ga yana nason mai in an gasa, gyaɗa na hana don na san abin da ke fita daga cikinta in an matsa. Da safe in matse masa lemon tsami a ruwan ɗumi, tunda shi ke yanke maiƙo a kwano.

Sai na zo kan man kaɗanya. Na zauna na yi tunani sosai, ba da wasa na yanke ba. Na san fata tana shan mai. Na ga dukawa suna shafa wa busasshiyar fata mai ta shanye ta yi laushi. Na ga ƙafar Malam da idona, in na shafa da asuba, kafin hantsi babu alamarsa. To ina yake tafiya in ba ciki ba? Shekara da shekaru ina tura masa mai ta baki, ina tura masa ta ƙafa. Na ɗauke gwangwanin man na tura can ƙarƙashin akwati.

Ban gaya masa dalili ba. A ganina mara lafiya ba a tsoratar da shi, kuma ban so ya san ina zargin hannuna.

Safiyar farko ya idar da salla a ɗaki, don lokacin bai fara fita masallaci ba, ya zauna a bakin gado ya miƙo ƙafa kamar kullum. Na ɗauki tsintsiya na hau sharar ɗakin da ba shi da datti. Ya jima a haka. Da na zo share wajen gadon na ce, "Malam, ɗaga ƙafa." Ya ɗaga, ya mayar da su kan gado, ya ja bargo ya rufe. Washegari ya sake miƙowa. Bayan 'yan kwanaki ya daina. Bai tambaye ni ba, shi ma da nasa girman kan, tare muka tsufa.

Da farko yana yi wa abincin ba'a. In na ajiye kwano ya buɗe ya leƙa ya ce, "Mai tuwo, wannan miya ce ko ruwan wankin kuka?"

In ce, "Ci dai, magani ne."

Ya ce, "Ai maganin da likita ya bayar ya fi ta daɗi, shi ko ba komai ƙanƙane ne."

Daga baya ba'ar ta tsaya. Ya yi loma biyu ya ture. In na matsa ya ce ya ƙoshi. Gidan Kubwa da rana shiru ne, masu gida sun bi ayarin motocin da ke shiga gari tun duku-duku, yara suna makaranta, mai aiki in ta gama ta shige ɗakinta, sai mu biyu da ƙarar firji. Da can da mun cika wannan shirun da hira, amma wurin hirar tamu na ɗauke shi na tura ƙarƙashin akwati, ni kuma ban iya fara magana a tsaye ba. Sai ya zauna a baranda yana kallon katangar maƙwabta, ni ina kicin ina tafasa kabeji.

Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Hular da ke kama kansa ta fara sauka har kunne. Ni kuwa, Allah ya gani, murna nake yi. Na ce kitse ne ke fita.

Surukata ta same ni a kicin wata Asabar, ta daɗe tana juya cokali a kofi kafin ta ce, "Mama, kamar Baba yana ramewa. Likita fa cewa ya yi a rage, bai ce a hana duka ba."

Na ce, "'Yar nan, kin taɓa wanke tukunya rabi ki ce ta wanku?"

Ta ce, "A'a, Mama."

Na ce, "To."

Ta fita. Da yamma na ji ta da mijinta suna magana ƙasa-ƙasa. Ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya tsaya, ya tsaya, ya ce wa labule, "A dai riƙa ba shi abin da zai iya ci." Na ce wa bango, "Ana ba shi." Iyakar abin da ya iya ke nan, iyakar abin da na iya ke nan.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ya faru wata rana da hantsi. Na kai masa kunu ba gyaɗa, ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Bai dube ni ba ya ce, "Hajiya, in an samu mai zuwa gida, a sa ni a mota. Ɗakin ƙanena yana nan. Mutum in ya zama kaya, gara a ajiye shi inda ba zai tare hanya ba."

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Wa ya ce ka tare hanya?"

Ya ce, "Ba sai an ce ba."

Na koma kicin na tsaya a gaban tukunya. Mutumin da ya bar garinsu tun yana saurayi, bai taɓa cewa zai koma ba, yau yana neman a kai shi ya kwanta a ɗakin ƙanensa. Na san abin da tsoho ke nufi in ya fara neman gida. Amma ko a lokacin ban ga laifin girkina ba. Na ce ciwon ne ke cinsa, sai na ƙara lemon tsami.

Da ranar komawa asibiti ta zo, surukata ta ɗauki hutu ta kai mu. Na ce zan shiga har gaban likita, don ina so in ji da kunnena saura nawa kitsen ya ƙare. Nas ta ɗora Malam a sikeli, ta duba kati, ta sauke shi ta sake ɗora shi.

Likitar da muka samu mace ce, ba wanda ya duba shi da farko ba. Baƙa, gajera, mai faɗin kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe mu kamar 'yar gida. Hausarta irin ta 'yan asalin yankin nan ce, tana ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke, ba ruwanta. Na tambaye ta 'yar ina ce, ta ce Jiwa, nan gefen Abuja, iyayenta manoman doya ne, har yanzu uwarta tana kai kaya kasuwa a kafaɗa. Na ce to na ci doyarku, ta yi dariya.

Ta duba takardar gwajin jini ta ce kitsen ya sauka, magani yana aiki. Na gyara zama, na ce a raina ba magani kaɗai ba, har da girkina. Sai ta dubi Malam da kyau, ta kama hannunsa ta ja fatar, ta leƙa idonsa. Ta ce ya cire takalmi. Da ya zo zare safa sai ta manne. Dugadugansa sun tsage kamar ƙasar fadama da rani, wata tsagar da busasshen jini a ciki. Ni kaina ban gani ba sai ranar, don ya daina cire safa a gabana.

Ta ce, "Baba, me kike ci a gida?"

Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi mai gidan yarin."

Ni kuwa na zayyana mata komai da alfahari, tukunya daban, ludayi daban, ba ƙwai, ba kifi, ba gyaɗa. Na ce har man da nake shafa masa a ƙafa na daina, don kada ya bi ta fata ya koma jini. Malam ya juyo ya dube ni, kallon da ya daɗe bai yi mini ba. Na ƙarasa da tambayata, "Yanzu likita, saura nawa ya ƙare gaba ɗaya?"

Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta jawo kujerarta kusa da ni ta ce, "Mama, ranar da wannan abu ya ƙare a jikin Baba, Baba ma ya ƙare. Ni ma haka, kai ma haka."

Ta ce jikin mutum ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ɗakuna ne jingim, ƙanana har ido ba ya ganinsu, su suka taru suka zama nama da fata da hanta da ƙwaƙwalwa. Kowane ɗaki da katangarsa da ta kewaye shi, tana riƙe abin ciki kada ya zube, tana tare abin waje kada ya faɗo sai ta ƙofa. Ta ce, "Wannan katangar kuwa da mai aka gina shi."

Malam, wanda tun safe bai ce uffan ba in ban da baƙar maganar da ya yaɓa mini, ya ɗago kai. Ya ce, "Da mai? 'Yata, ni birkila ne. Ba a gini da mai."

Ta ce, "Allah yana yi, Baba. Katanga ne da ba ya bushewa. Siriri ne, yana motsi, kamar man da ke yawo a saman miya."

Ya ce, "Katangar da ke yawo ai ba katanga ba ce. Me ke riƙe ta?"

Ta ce, "Yawwa, kin zo wurin." Sai ta juyo gare ni ta ce in gaya mata yadda man shanu ke yi in an yi sanyi. Na ce barci yake yi, ya daskare, sai an sa cokali an ɓantara. In an yi zafi fa? Na ce ya narke ya bi gefen kwano. Ta ce to da katangar ɗakunan nan mai ne zalla, haka za ta riƙa yi, ta yi tauri ta tsage, ko ta saki ta riƙa yoyo. Shi wannan kolestarol da nake yaƙi da shi, shi ne ke shiga tsakanin man, nan ɗaya can ɗaya, ko'ina a jikin katangar. In mai ya so ya saki, ya riƙe shi. In ya so ya daskare, ya raba tsakaninsa ya hana shi haɗewa. Ya kuma toshe 'yan kafofin da ruwa da gishiri za su sulale. Ta ce ƙwaƙwalwa ta fi ko'ina yawansa, kuma ita kanta fatar da ke rufe mu da shi take riƙe danshinta.

Malam ya matso har bakin kujera. Ya ce, "Wato kamar kwaɓi. In siminti ya yi yawa gini ya yi tauri ya tsage, in ya yi kaɗan ya zube."

Ta ce, "Kusan haka, sai dai naki kwaɓin yana bushewa ya tsaya, wannan kuwa har abada a jiƙe yake."

Ya girgiza kai yana murmushi ya ce, "Ikon Allah. Ina yawo da gini a jikina ban taɓa duba aikin ba."

Ni dai ban saki ba tukuna. Na ce to in abin kirki ne, me ya sa ya kusa kashe shi? Ta ce saboda hanta ce ke ƙera yawancinsa, ko mutum bai ci mai ba sam za ta ƙera, ta zuba a jini a kai wa ɗakunan. In ya fi abin da ake buƙata, ragowar sai ta riƙa kwanciya a jikin hanyoyin jini, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntata. Malam ya karɓe ya ce, "Ragowar kwaɓi ke nan da lebura ke wankewa a lambatu. Mun sha fasa lambatu saboda haka." Ta ce to maganin da yake sha hanta yake ce wa ta rage hannu, kada ya kuskura ya daina. Abinci yana da nasa rabon, shi ya sa aka ce a rage man shanu da kitse. Amma tsufa da gado da hawan jini duk suna ciki, ba tuwon mutum ɗaya ba.

Can na ce, murya ƙasa, "Na ƙafar fa?"

Ta ce, "Mama, man da ka shafa a ƙafa a fata yake tsayawa, ba ya zama kitsen jini. Ka shafa masa safe da yamma. Wannan tsagar in ƙwayar cuta ta shiga, shi ne abin tsoro. Kuma yanzu ba kitse ke neman kayar da Baba ba, yunwa ne." Ta ce a ba shi kifi, a ba shi wake da ɗan man gyaɗa, ƙwai jefi-jefi, nama marar kitse, ganye da yawa. Gishiri dai a ci gaba da ragewa. Man shanu kuwa, ta ɗaga ɗan yatsa ta nuna kan farce, ranar Juma'a kawai, don ƙamshi.

Malam ya ce, "A rubuta mata wannan na Juma'ar, 'yata, kada ta ce ba ta ji ba."

Na ce, "Ka ji tsoho, da bakinka ya mutu, yanzu an ambaci man shanu ya tashi."

Surukata ta sunkuyar da kai tana danne dariya. A mota ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko da ido. Da muka shigo Kubwa ta tsaya a kasuwa da kanta ta ce, "Mama, ke kika san kifi mai kyau, ni kullum cutata suke yi." Na san girmana take mayar mini, na kuma karɓa. Na zaɓi busasshen kifi, na sa mai kifi ya sauke wanda ya ɓoye a ƙasan tire.

Muna isa gida ban ko cire mayafi ba na jawo akwati na ciro gwangwanin. Na kawo ruwan ɗumi a roba. Malam yana zaune a bakin gado, ƙafafunsa a naɗe. Na ajiye kujerar tsuguno na zauna na ce, "Miƙo."

Ya ce, "Ba shara yau?"

Na ce, "Miƙo, Malam."

Ya miƙo. Na jiƙa su, na goge a hankali, na murza man a tafina. Ƙafar ba nauyi a hannuna kamar ta yaro. Da man ya shiga tsagar ya ɗan ja numfashi. Sai ya ce, yana kallon silin, "Na ɗauka ƙyama kike yi. Na ce ta ga baki ya karkace, ta ga an riƙe ni zuwa bayi, abin ya fita a ranta."

Na ce, "Ni? Na ɗauki ƙafar nan tana warin siminti da gumi ban yi ƙyama ba, sai yanzu da take wanka da sabulu mai ƙamshi?"

Ya ce, "To da kin faɗa."

Na ce, "Kai da ka tambaya."

Ya ce, "Ni ne mara lafiya."

Na ce, "Ni ce mai jinya."

Sai ya fara dariya, irin wadda ke girgiza masa kafaɗa ba sauti, ni kuma na sunkuyar da kai kan ƙafarsa na ƙara lakato mai, don ban so ya ga idona. Na tambaye shi maganar mota zuwa gida. Ya ce wace mota, shi bai san da wata mota ba.

Da la'asar na shiga kicin na tuƙa tuwon masara mai laushi. Na yi miyar kuɓewa ɗanya da kifin nan, na sa daddawa da citta da ɗan barkono yadda ba za a nemi gishiri ba, na zuba man gyaɗa cokali guda, hannuna yana so ya ƙara na hana shi. Ƙamshi ya cika gidan har mai aiki ta leƙo. Na kai masa baranda, na zauna a gefe ina tsinke zogalen gobe, ina satar kallonsa.

Ya wanke hannu. Ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki, ya rufe ido. Ya sake. Ban ƙirga ba, amma na ga gefen malmala ya rushe, na ga ya tsamo kifi yana cire ƙaya da haƙuri. Cikinsa ya riga ya tsuke, bai iya cinyewa ba, wajen rabi ya tsaya ya jingina yana sauke numfashi, gumi a goshinsa. Na miƙa hannu zan ɗauke kwanon in ba yara, sai ya dafe murfin.

Ya ce, "Ina za ki da shi?"

Na ce, "Ai ka ƙoshi."

Ya ce, "Rufe ki ajiye mini, mai tuwo. Da safe ki yi mini ɗumame."